Hattons ta rufe bayan shekara 77: wa zai riƙa duba mana kan jirgi kafin mu biya?

Mai Fitilar Tasha:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Har yanzu masu sababbin shiga harkar ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo suna tambayar inda za su yi oda, wasu kuma na ba su sunan Hattons, alhali shagon ya rufe tun 1 ga Fabrairu 2024. Norman Hatton ne ya buɗe shi a 1946 a titin Smithdown da ke Libaful, ya zauna a unguwar nan shekaru da dama kafin a koma Widnes a 2016. A watan Janairun 2024 suka sanar da rufewa, suka ce ba karyewa suka yi ba: masu saye sun ragu, waɗanda suka rage shekaru sun ja musu, kawo kaya daga masana'anta ya rikice, kuɗin cika ƙa'idojin haraji na ƙasashen waje ya yi yawa. Kwanaki kaɗan bayan haka ƙungiyar masu wannan harka ta Warley ta ce ta daina babban baje kolin da ta shekara 30 tana yi a Birmingham. Abin da ya dame ni ba sababbin kaya ba ne, waɗannan akwai masu sayarwa. Sashen kayan hannu nake ji, inda ake karɓar tsohon kan jirgi a ɗora shi kan layi a gwada, a rubuta aibinsa kafin a sa masa kuɗi. Yanzu wannan aikin ya dawo wuyan mai saye. Ina roƙon manyanmu su zayyana mana yadda ake yinsa.

Ɗan Kanti:
Wa alaikumus salam Yaya. Kafin a shiga gwaji bari in gyara wata magana da ake yawan yi, wai intanet ce ta kashe Hattons. Ai Hattons ita ce intanet ɗin. Ita ce ƙananan shagunan Ingila suka yi shekaru suna kuka da ita saboda rangwamenta. Matsalar tana cikin yadda ake ƙera kayan yanzu. Hornby, kamfanin da ke ƙera jiragen, ta kwashe aikinta daga Margate zuwa Sin a ƙarshen shekarun 1990, takwararta Bachmann kuwa dama mallakar kamfanin Kader na Hong Kong ce. Masana'anta ba ta ajiye mazubi a kan inji tana jira. Za ta buga adadi ɗaya gwargwadon odar da aka tara, ta sauke mazubin, sai kuma bayan wasu shekaru. Mai shago dole ya faɗi adadin da yake so tun kaya suna kan takarda, shekara ɗaya ko biyu kafin su iso. In ya nemi kaɗan, masu oda su yi fushi. In ya nemi da yawa, kuɗinsa ya kwanta a kanta har sai ya karyar. Ƙari a kan haka, tun 2019 Hattons ta daina sayar da sababbin kayan Bachmann, bayan ta fara ƙera nata kan jirgi samfurin Class 66 wanda Bachmann ma ke da irinsa. Sannan kamfanonin da kansu sun koyi sayarwa kai tsaye: da Hornby ta fito da sikelin TT:120, wato kashi 1 cikin 120 na girman jirgin gaske, a 2022, a shafinta kaɗai aka fara samunsa.

Hajiya Mai Lissafi:
Gaskiyarka Malam, amma kada a raina maganar haraji da suka ambata, don ba hujjar fita kunya ba ce. Daga 1 ga Yuli 2021 Tarayyar Turai ta soke rangwamen da take yi wa kayan da ba su kai yuro 22 ba, kowane ƙunshi sai an biya masa harajin VAT, kuma Birtaniya ta riga ta fita daga ƙungiyar. Ostireliya ma tun 2018 take sa manyan masu sayarwa na waje su karɓar mata haraji a kan ƙananan kaya. Shagon da ke aika fakitin maɗaurin layi na fam uku zuwa ƙasashe da dama, kowace ƙasa da rajistarta da lissafinta, ribar ba ta biyan ma'aikacin da zai zauna kan takardun.

Mu da ke nesa kuma abin da muka rasa shi ne tsarinsu na Trunk. Ka biya kaya yau, su ajiye maka, ka ƙara wani bayan wata guda, in sun taru a haɗa a akwati ɗaya a aiko. Duk wanda zai koma wani shago ya tambayi abu biyu kafin ya biya: za su cire kashi 20 na VAT tunda kayan barin Birtaniya za su yi, kuma suna tara oda su aiko a haɗe?

Sabon Shiga:
Na gode Hajiya. To waɗanda ke da jiragen da Hattons ta ƙera da sunanta fa, ina za su sami kayan gyara?

Ɗan Kanti:
Mazubin Class 66 ya koma hannun kamfanin Accurascale tun kafin rufewar, kuma sun sake fito da shi da gyare-gyare. Sunan Hattons kansa shagon Rails of Sheffield ne ya saya daga baya. Na farkon da Hattons ta fitar an san shi da abu guda: murfin kan aksul mai juyawa yana ficewa ya faɗi, wani lokacin in an manna shi a karkace ya sa jirgin rangaji. In za ka sayi na hannu ka ƙirga murafan, goma sha biyu ne, shida kowane gefe. Na tsofaffin Hornby da Lima kuwa, irin su kabon ɗin moto da robar ƙafa da giya, Peters Spares da ke Middlesbrough sana'arsu ke nan.

Baba Mai Solda:
Yarana, ku bar maganar kasuwa haka nan, ku zo ga tambayar da aka yi. Ga abin da mai tsaron kanta yake yi in an kawo masa tsohon kan jirgi na sikelin OO, wato kashi 1 cikin 76, mai gudu a layi mai faɗin milimita 16.5.

Ba ya fara sa masa wuta. Juya shi yake yi ya dubi cikinsa. Shasin yawancinsu da gaurayen tutiya ake zuba shi, kuma in dalma ta shiga gaurayen a masana'anta, bayan shekaru ƙarfen yakan kumbura ya tsattsage ya riƙa marmashewa. Alamarsa siraran tsaga a jikin shasi kamar ƙasar fadama da rani, ko ka ga bodin roba ya fashe a kusurwa ba tare da an yar da shi ba, domin ƙarfen ciki ne ya turo shi. An san wannan ciwo a wasu rukunan Class 31 da T9 na Hornby, da wasu Class 47 na Heljan. Ba shi da magani. Gam ba ya riƙe shi, fenti ba ya tsayar da shi. In babu sabon shasi a kasuwa, kuɗin bodi da ƙafafu kawai za ka biya.

Na biyu, tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan 'yar uwarta a aksul ɗaya. A OO milimita 14.4 zuwa 14.5 ake so. Akwai ɗan ma'aunin tagulla da ake sayarwa don wannan, ko ka auna da kalifa. In ta gaza, ƙafar za ta hau kan ƙarfen kariya a mahaɗar sauya layi, jirgin ya yi tsalle. In ta zarce, leɓen ƙafar ya daki hancin mahaɗar ya bi hanyar da ba tasa ba. Mutane da yawa sun tumɓuke mahaɗa lafiyayya alhali laifin na aksul ɗaya ne.

Na uku, batir mai bolt 9, irin mai kai biyu a sama. Ka taɓa kawunansa a ƙafar dama da ta hagu. Ƙafafun su juya sumul. Ka juya batirin, su koma baya. Ka bi kowane aksul da ke ɗaukar wuta ɗaya bayan ɗaya, wanda bai amsa ba to ɗan ƙarfen da ke shafar bayan ƙafarsa ya lanƙwashe ko ya yi datti. Ka kasa kunne kuma. In kana jin ƙas, ƙas, sau ɗaya a kowane zagaye, giyar roba ce ta tsage a kan aksul. In moto na kuka ƙafa ba ta motsi, ko giya ta cinye ko tsohon man ya daskare.

Injiniya:
Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Zan ɗora abu ɗaya a kan tsofaffin Mainline da Bachmann na farko, masu shasi rabi biyu. A waɗannan, kowane rabin shasi shi ne wayar wuta: dama na ɗauke da layin dama, hagu na ɗauke da na hagu, roba ce ta raba su. Aksul ɗin ma rabi biyu ne da ɗan bututun roba a tsakiya. Bututun nan yana tsagewa da tsufa, ƙafa ta zame daga saitinta, sandunan da ke haɗa ƙafafun su cije. Ka riƙe ƙafar dama ka murɗa ta hagu a hankali da yatsa, in ta juya ita kaɗai to ya tsage. Ana samun madadinsa, amma wajen mayarwa dole ƙusar sandar gefe ɗaya ta kasance kwata ɗin zagaye, digiri 90, gaba da ta ɗaya gefen, kuma duka aksulolin su zo iri ɗaya.

Sabon Shiga:
Injiniya, irin waɗannan ana iya sa musu dikoda? Na ga suna da araha sosai.

Injiniya:
Ana iyawa ƙanena, amma arahar tana da dalili. Ka fara gane bambancin. A tsarin DC, wutar layi daga sifiri zuwa bolt 12 take, ita ke ƙara gudu ko rage shi. A DCC kuwa wuta na kan layi kullum, wajen bolt 14 zuwa 16, tana sauya fuska da sauri, umarni na tafiya a cikinta, dikodar da ke cikin jirgi ce ke karantawa ta ba moto abin da ya kamata. Sharaɗin dikoda ɗaya ne: kada kan moto ko ɗaya ya taɓa wutar layi kai tsaye. Ja da baƙar waya su je ƙafafu, ruwan lemo da ruwan toka su je moto, shuɗiya ita ce ta gamayyar fitilu, fara fitilar gaba, rawaya ta baya. A shasi mai rabi biyu, kawunan moton a jikin shasin suke manne, don haka sai ka warware shi gaba ɗaya, ka raba su da shasin, ka rufe da tef ko bututun roba mai tsukewa da zafi, sannan ka sa mita ka tabbatar babu haɗi tsakanin kowane kan moto da kowace ƙafa. In ka tsallake awon nan, dikodar za ta ƙone a daƙiƙar farko.

Na zamani suna zuwa da soket, amma soket ɗin ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai fil 6, mai fil 8, mai fil 21, da Next18, da PluX22. A da mai kanti zai buɗe kwali ya ce maka ga wadda za ta shiga. Yanzu kai za ka karanta gefen kwalin ko takardar ciki kafin ka yi oda. Mai fil 8 tana shiga ta kowace fuska, in ka juya ta jirgin zai yi tafiya a baibai fitilu su ƙi kamawa, sai ka daidaita fil na 1, na wayar ruwan lemo, da alamar da ke kan allon.

Kafin dikoda ma, ka bar toshen da ya zo da shi a soket, ka gudanar da jirgin a DC rabin awa gaba, rabin awa baya, a matsakaicin gudu ba tare da taragu ba. In yana da aibi a nan zai nuna, kuma ba wanda zai ce dikodarka ce ta jawo. Bayan ka sa ta, layin saiti, wanda aka ware don saita dikoda, za ka fara kai shi, ba babban layi ba, domin wutarsa kaɗan ce. Ka karanta adireshi, wato lambar da ake kiran jirgin da ita. Sabuwa za ta ba ka 3. In ta ƙi karantuwa, ka sauke ka sake duba wayoyi. Ta hannu wadda ba ka san adireshinta ba, a yawancinsu rubuta 8 a gurbin saiti mai suna CV8 na mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, amma ka duba takardar kamfanin don wasu lambarsu daban ce.

Baba Mai Solda:
Kuma kada a ajiye jirgin da ba shi da dikoda a kan layin DCC. Za ka ji yana tsuwa a tsaye, moton na ɗumama ke nan. Ƙananan moto marasa ƙarfen tsakiya da ake sa wa na zamani ba sa jure wannan ko na ɗan lokaci.

Mai Fitilar Tasha:
Allah ya saka da alheri Baba. Ni dai ban yarda da masu cewa rufewar nan alamar mutuwar harkar ba ce. Kamfanonin Accurascale da Rapido da Cavalex ba su daɗe da shigowa kasuwar Birtaniya ba, kuma ga su suna fitar da kaya. Peco na nan tana ƙera layi a garin Beer da ke Devon.

Ɗan Kanti:
Yaya, ban ce ta mutu ba, amma ka duba wa ake ƙera wa kayan. Kan jirgi mai sauti da fitilu, farashinsa ya wuce abin da uba zai saya wa yaro don gwaji. Ƙofar shigar mai ƙaramin ƙarfi ita ce kayan hannu, kuma shago ne ke sa kayan hannu su zama abin amincewa. A Birtaniya in ka saya daga ɗan kasuwa, dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da abu mai aibi a ba ka kuɗinka. In daga hannun mutum ka saya a eBay ko wurin baje koli, haƙƙinka bai wuce kayan su dace da yadda ya siffanta su ba. Shi ya sa ake rubuta "ba a gwada ba", kalmar na wanke mai sayarwa. Yaron da jirginsa na farko ya ƙi tafiya, babu kuma wanda zai kai wa, ba zai sayi na biyu ba. Ba Ingila kaɗai ba: shagon M.B. Klein na jihar Maryland a Amurka, wanda ya faro tun 1913, Hattons ta saye shi a 2023, rufewarta ta tafi da shi.

Hajiya Mai Lissafi:
A kan odar kayan da ba su fito ba, shawarata a zaɓi shagon da ba ya cire kuɗi sai kaya sun iso hannunsa. In dole sai an ba da kafin alƙalami, wanda ke da katin bashi na Birtaniya ya biya da shi, domin sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa bankin alhaki tare da mai sayarwa a kan abin da ya haura fam 100. Katin cire kuɗi na asusu ba ya cikin wannan sashe. A ajiye rasit da lambar kayan, ita ce ake nema wajen neman kayan gyara, ba sunan jirgin ba.

Sabon Shiga:
Saura layi. Na ga Code 100 da Code 75 duk an rubuta OO. Wanne zan ɗauka in tsofaffin jirage zan fara da su?

Baba Mai Solda:
Code 100, ɗana. Lambar tsayin ƙarfen dogon ce: 100 na nufin kashi 100 cikin dubu na inci, wajen milimita 2.5, 75 kuwa wajen milimita 1.9. Na 75 ya fi kyan gani, amma tsofaffin Lima da Tri-ang leɓen ƙafarsu dogo ne, zai riƙa dukan 'yan kujerun da ke riƙe dogon, ka ji yana kakkarwa, wuta na yankewa. Tri-ang na farko ma ko a mahaɗar Code 100 ta zamani sukan cije. Maɗaurinsu ma daban: SL-10 na Code 100, SL-110 na Code 75, masu raba wuta na roba kuma SL-11 da SL-111. In dole ka haɗa iri biyun, akwai guntun layi SL-113 da aka yi don haka.

Ka guji tsohon layin ƙarfe zalla da ake haɗawa a gwanjo. Ka kai masa maganaɗisu, in ya kama to ƙarfe ne, zai yi tsatsa. Wanda ake so gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya ne, maganaɗisu ba ya kama shi. Kwanar layi kuma, in an auna daga tsakiyar da'ira zuwa layin, mai lamba 1 milimita 371 ne, lamba 2 438, lamba 3 505, lamba 4 572. Yawancin jiragen yanzu daga lamba 2 suke farawa, kuma a kwali ake rubutawa. Tsohon saiti mai kwana lamba 1 ba zai ɗauki Class 66 ba.

Injiniya:
Ga waɗanda za su shimfiɗa a gida Najeriya ko Nijar, zafi da ƙura ne abokan gaba. Layin Peco mai lanƙwasuwa tsawonsa milimita 914 ne, kuma in zafin ɗaki ya tashi da digiri 20 kowane ɗaya zai ƙaru da kusan kashi uku cikin goma na milimita. Ka jera goma ka manne su da solda, milimita uku ke nan ba su da wurin zuwa, sai layin ya bauɗe. Wanda ya shimfiɗa da sanyin hunturu ya bar tazarar kusan rabin milimita a kowace mahaɗa, kaurin katin banki ya ɗan fi haka. Kada a dogara da maɗauri wajen kai wuta, yana saki. Kowane guntun layi a manna masa 'yar siririyar waya a ƙasan dogo, ta sauka ta ramin milimita 2 zuwa babbar waya mai kauri da ke bin ƙarƙashin tebur.

Ƙurar hunturu in ta haɗu da mai ta zama baƙin danƙo a ƙafafu. A goge dogo da ƙyalle marar gashi da sinadarin isofurofil, ba da sanfefa ba, don tana barin ƙananan karce da datti ke zama a ciki. Mai kuma ɗigo ɗaya a kan tsinin allura ya ishi kowane wurin juyawa, kuma ya zama wanda ba ya cin roba. WD-40 da man keken ɗinki ba na nan ba ne. A rufe teburin da zani in an gama.

Hajiya Mai Lissafi:
Wutar gida fa Injiniya? Wasu na sayo na'urar sarrafawa daga Amurka saboda araha.

Injiniya:
Ta Birtaniya bolt 230 ce da filogi mai ƙafa uku, daidai da ta Najeriya, sai dai a sa mata sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta da na janareta. A Nijar ƙarfin wutar ya dace, filogin ne zai buƙaci adafta. Ta Amurka bolt 120 ce. A karanta jikin adaftar: in an rubuta 100 zuwa 240 to ba matsala, in 120 kaɗai ne sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba za ta ƙone nan take.

Sabon Shiga:
Baba, tambaya ta ƙarshe. Tsohon Hornby mai moto a cikin taragon gawayi, yana juya ƙafa amma ba ya jan komai. Moton ne?

Baba Mai Solda:
Ba moton ba ne, ɗana. Dubi ƙafafun taragon, za ka ga kwarmi a wasunsu inda zoben roba ke zama. Robar ta bushe ta saki, ko ta faɗi gaba ɗaya. Ka auna faɗin ƙafar da kalifa, ka nemi zoben da ya dace da lambar jirgin, ka wanke kwarmin da isofurofil ya bushe, sannan ka sa zoben da tsinken sakace ba tare da ya murɗe ba. Kada mai ya taɓa shi. In ka canja har yanzu yana santsi, duba ko ƙarfen nauyi da ke cikin taragon yana nan, masu gyara kan cire shi su manta.